Daga Bantama: Skype ya rufe, ga yadda za mu kira gida daga laftop mai Linux

   

Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonninku na 'yan makonnin nan, kuma kusan duk kalmominta iri ɗaya ne. Wani ɗan uwa mai albasa ya ce ɗansa ya sauya masa tsarin laftop ɗin shago zuwa Ubuntu, na'urar ta daina nauyi, amma ya rasa da me zai kira mutanensa na Nijar. Wata Hajiya mai atamfa a Kejetia ta ce jikanta ya bi wani bayani ya saka mata Skype, manhajar ta hau amma ta ƙi buɗe mata hanya. To Hajiya, laifin ba na jikanki ba ne, ba kuma na laftop ɗin ba. Kamfanin Microsoft ne ya rufe Skype ranar 5 ga Mayu, 2025, bayan manhajar ta yi aiki tun 2003. Su ne suka saye ta a 2011 kan dala biliyan 8.5, su ne kuma suka ce kowa ya koma Teams. Saboda haka duk bayanin da kuka gani yana koyar da saka Skype a Linux, tsohon zance ne, kada ku ƙona data a kansa.

Yau zan bi abin daki-daki: me za a saka, yadda ake sakawa, yadda ake saita murya da hoto, da yadda za a kare data da kuma aljihu.

Me ya kai mu ga Linux tun farko?

Yawancin laftop ɗin da ke shagunanmu da gidajenmu na hannu ne, irin wanda mutanen nan ke ce wa hom-yus, wanda ake samu a Adum wajen PZ. Suna da ƙwari, amma shekaru sun ja. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, shi kuwa Windows 11 yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Mai tsohuwar laftop sai ya zaɓa: ko ya sayi sabuwa, ko ya ci gaba da zama a ɗakin da ba ƙyaure, ko ya sauya tsari.

Linux tsari ne na tafiyar da kwamfuta wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ne, kuma a buɗe yake: kowa na iya duba yadda aka gina shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Yana da iri-iri kamar yadda shinkafa ke da iri-iri. Wanda aka fi sani shi ne Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya ƙaddamar a 2004 ta kamfaninsa Canonical. Zan yi misali da Ubuntu 24.04, wanda ya fito a Afrilun 2024 kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro kyauta har 2029. Yana son ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da wurin ajiya na gigabait 25. Idan na'urarka ba ta kai haka ba, akwai ƙannensa marasa nauyi, Xubuntu da Lubuntu, akwai kuma Linux Mint, wanda fuskarsa ta fi kama da Windows, don haka dattawa suka fi saurin sabawa da shi.

Wanda bai sauya ba tukuna ya riƙe abu biyu. Na farko, ya kwashe lissafin shago, hotunan iyali da takardun kaya ya ajiye a wani wuri, domin sauya tsari na iya share komai da ke cikin na'urar. Na biyu, ya fara gwadawa kafin ya saka. Idan an ɗora Ubuntu a fulash, mai gigabait 16 ya wadatar, ana iya tayar da laftop daga fulash ɗin a zaɓi Try Ubuntu, a gwada wayfai, lasifika, makirufo da kyamara ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Ba a sayen goro sai an buɗe huhu, to haka wannan ma.

Wa za ka kira? Nan ake fara zaɓe

Mutane da yawa suna tambayata wace manhaja ce ta fi. Ni kuwa nakan mayar musu da tambaya: wa za ka kira, kuma me ke hannunsa? Manhajar da ta fi ita ce wadda ke wayar wanda ke can ɗaya gefen. In ka saka wadda ta fi kowace kyau a duniya, mahaifiyarka a Katsina ba ta da ita, ka yi aikin banza.

WhatsApp shi ne kowa ke da shi, amma kamfanin bai yi wa Linux manhaja ta kansa ba. Abin da ake yi shi ne buɗe shi ta burauza a web.whatsapp.com, a haɗa da waya ta hanyar ɗaukar hoton tambarin nan mai murabba'i. Yana da daɗi wajen tura hoton kaya, rasit da lissafi daga babban allo. Kiran WhatsApp na yau da kullum dai ku bar wa waya. Kuma ku guji manhajojin da wasu suka haɗa suka laƙa musu sunan WhatsApp, domin ba na kamfanin ba ne, ba ka san hannun wa saƙonka zai bi ba.

Telegram yana da manhajar Linux ta kansa, ana kiran murya da na bidiyo da ita, kuma ba ta da nauyi. Signal ma haka, kuma shi komai nasa a kulle yake tsakaninka da wanda kake magana da shi, saƙo da kira duka. Zoom ya dace da taro, na iyali ko na ƙungiyar 'yan kasuwa: na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma yana yankewa bayan minti 40. Google Meet ba ya buƙatar a saka komai, a burauza yake aiki, kuma taron mutum uku zuwa sama yana kai awa ɗaya a kyauta. Shi kuwa Teams, magajin Skype, Microsoft ya janye manhajarsa ta Linux tun ƙarshen 2022, don haka ta burauza ake shigarsa.

Masu hulɗa da waje su lura da dokar ƙasar da suke kira. A Caina WhatsApp, Telegram da kayan Google duk a toshe suke, abokin cinikinka na can WeChat yake amfani da shi. A Dubai kiran murya da bidiyo na WhatsApp ba ya tafiya a layukan ƙasar, shi ya sa za ka ji sun ce a koma Botim ko a haɗu a Zoom. In kira ya ƙi shiga waɗannan wurare, kada ka ɗauki laftop ka nufi wajen mai gyara, lafiyarta ƙalau.

Kafin a saka komai

Haɗa laftop da intanet tukuna. In akwai wayfai, to. In babu, wayarka ta isa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jona wayar da laftop ta igiyar caji, ka shiga saitin wayar ka kunna USB tethering. Ubuntu yana gane ta nan take, ba sai an saka wani abu ba, kuma wayar na caji tana aiki. Wannan dabarar tana ceto idan wayfai ɗin laftop ya ƙi tashi bayan sauya tsari, abin da ke faruwa da wasu tsofaffin na'urori. A irin wannan hali, da zarar ka samu intanet ta igiya, buɗe Additional Drivers ka zaɓi abin da ya nuna maka na wayfai, ka kashe ka kunna.

Sai sabunta tsarin. A nan za mu shiga wurin da mutane ke jin tsoro, wato baƙin allon nan da ake rubuta umarni, mai suna Terminal. Ba dodo ba ne. Danna Ctrl da Alt da T tare, zai buɗe. Rubuta wannan ka danna Enter:

sudo apt update

Zai tambayi kalmar sirrinka. Ga inda da yawa ke rikicewa: kana rubutawa ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro ɗaya. Haka aka yi shi, don kada na bayanka ya ƙirga haruffan. Rubuta kawai ka danna Enter. In ya gama, sai ka bi da wannan:

sudo apt upgrade

Wannan na farkon yana iya cin data da yawa, don haka a yi shi inda akwai wayfai ko lokacin da kake da garaɓasar dare. Kalmar sudo ma'anarta ka ba da umarni da ikon mai gida. Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Yadda ake sakawa

Telegram ya fi sauƙi. Buɗe App Center, wato kasuwar manhajoji ta Ubuntu, ka rubuta Telegram, ka danna Install. Mai son baƙin allo ya rubuta:

sudo snap install telegram-desktop

Mai Linux Mint kuwa ya nema a Software Manager, domin Mint ba ya zuwa da snap a buɗe. In ta hau, za ta nuna maka tambari mai murabba'i. Ɗauki wayarka, shiga Telegram, Settings, Devices, Link Desktop Device, ka haska tambarin. Shi ke nan, lambobinka da hirarrakinka duk sun bayyana.

Zoom ana ɗauko shi ne daga shafin kamfanin, zoom.us/download. Zaɓi Ubuntu, ko Mint in shi ne naka, fayil mai suna zoom_amd64.deb zai sauka a Downloads. Sai ka rubuta waɗannan biyun, ɗaya bayan ɗaya:

cd ~/Downloads

sudo apt install ./zoom_amd64.deb

Kada ka manta da ɗigo da karkatacciyar sandar da ke gaban sunan, su ne ke gaya wa kwamfuta cewa fayil ɗin yana nan inda kake tsaye. Amfanin bin wannan hanya shi ne apt zai janyo duk ƙananan abubuwan da Zoom ke buƙata da kansa.

Signal yana da umarni 'yan kaɗan da aka jera a shafinsa, signal.org/download, ƙarƙashin Linux. Kwafe su ɗaya bayan ɗaya daga can, kada ka rubuta da ka, domin harafi ɗaya ya kuskure ba zai yi ba. Dole sai kana da Signal a waya tukuna, sannan ka haɗa ta Linked devices.

Google Meet da Teams ba abin sakawa. Buɗe Firefox, wanda ke zuwa da Ubuntu, ka shiga meet.google.com ko ka danna mahaɗin da aka turo maka. Burauza za ta tambaya ko ka yarda a yi amfani da makirufo da kyamara, ka danna Allow. Rabin masu cewa ba a jin su, a wannan tambayar suka danna Block cikin sauri. In haka ta faru, duba ƙaramar alamar da ke gefen adireshin shafin a sama, ka cire hanin, ka sake buɗe shafin.

Idan wanda za a kira ba shi da intanet fa?

Wannan ne babban giɓin da Skype ya bari. Da shi mutum kan sayi kuɗin kira ya buga lambar waya kai tsaye, ko ta tsohuwar da ke ƙauye mai ƙaramar waya, ko ta direban da ke hanya. Microsoft ya daina sayar wa sababbin mutane wannan. Ga hanya biyu da za a iya bi. Viber yana da manhajar Linux, ana ɗauko fayil ɗinta a shafinsu a saka kamar yadda muka yi wa Zoom, kuma yana da Viber Out, wanda ake biya a kira lambar waya a ko'ina. Ɗaya hanyar ita ce Linphone, manhaja buɗaɗɗiya da wani kamfanin Faransa ke kula da ita. Ita tana aiki ne da tsarin da ake kira SIP: sai ka yi rajista da kamfanin da ke sayar da layin kira ta intanet, ya ba ka suna, kalmar sirri da adireshin sabarsa, ka zuba su a manhajar. Wannan ya fi dacewa da mai babban shago ko ofishin dakon kaya da ke kira kullum.

Shawarata, kafin ka biya ko sisi, kwatanta kuɗin minti ɗaya da garaɓasar kiran waje ta layinka na MTN, Telecel ko AT. Kira zuwa lambobin wayar hannu na ƙasashenmu ba ya da arha a waɗannan manhajoji kamar kira zuwa Amurka ko Ingila. Lissafi zai nuna maka, kai ɗan kasuwa ne. Kuma a rubuta lamba da lambar ƙasa, a cire sifilin farko inda ake cire shi: Gana 233, Najeriya 234, Nijar 227, Burkina Faso 226, Togo 228.

Saita murya da hoto

Kada ka bari sai Alhaji ya ɗauki kira sannan ka fara laluben ina murya ta shiga. Gwada tun da rana. Shiga Settings, sannan Sound. A sashen Output zaɓi lasifikar laftop ko abin kunne, ka danna Test. A sashen Input yi magana ka ga ko sandar nan tana motsi. In ba ta motsi, duba ko an zaɓi makirufon da ya dace, ka kuma duba layin maɓallan sama na laftop, domin wasu suna da maɓallin kashe makirufo, yara kuwa ba abin da ba sa dannawa. Kada a ƙure ƙarfin makirufo, murya za ta fashe. Kai shi wajen rabi ko sama kaɗan.

In abin ya ƙi, saka wannan ƙaramar manhaja:

sudo apt install pavucontrol

Ita tana nuna maka kowace manhaja da makirufon da take sauraro, kana cikin kira ma kana iya sauya mata.

Kyamara kuwa, saka Cheese da umarnin sudo apt install cheese, ka buɗe. In ka ga fuskarka, kyamara lafiya. In baƙi ka gani, duba saman allon, wasu laftop suna da ɗan murfi da ake turawa gefe. In Cheese na gani amma Telegram ba ya gani, shiga Settings, Apps, ka zaɓi Telegram ka tabbatar an ba shi izinin kyamara da ɗaukar murya. Ka kuma rufe Cheese kafin ka kira, domin sau da yawa manhaja biyu ba sa riƙe kyamara ɗaya lokaci guda. Zoom yana da ɗakin gwaji a zoom.us/test, inda za ka ji muryarka ka ga hotonka kafin taro.

Kuwwa da amsa-kuwwa su ne ciwon kan kiran iyali. Dalilinsu biyu ne: ko murya na fita daga lasifika tana komawa makirufo, ko na'urori biyu a ɗaki ɗaya sun shiga kira ɗaya. Maganin na farko abin kunne mai igiya, irin na waya mai makirufo a jiki. A kasuwa, inda janareta, masu kura da hon ɗin turoturo ba sa bari a ji kai, wannan ɗan abin ya fi kowane saiti amfani. Maganin na biyu, kowa ya kashe nasa a taru a gaban ɗaya. Haske kuma ya kasance a gabanka. In ka ba ƙofar shago baya, inuwa kawai za su gani.

Data da wuta

Bari mu yi lissafi da alƙaluman da Zoom da kansa ya bayar. Murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa. Bidiyo tsakanin mutum biyu kuwa kilobit 600, hawa da sauka. In ka buga, awa ɗaya ta murya ba ta kai megabait 100 ba, awa ɗaya ta bidiyo kuwa ta haura megabait 500. Wato bidiyo na cin ninki bakwai ko fiye. In an kunna HD abin ya wuce nan. Don haka a Zoom shiga Settings, Video, ka cire alamar HD. Dabarar da nake bai wa kowa ita ce a buɗe kyamara minti biyar na farko a gaisa, kaka ta ga jikoki, ko abokin ciniki ya ga samfurin kaya, sannan a rufe a ci gaba da murya. In sabis ya yi rauni ma, rufe bidiyo ne ke sa murya ta daidaita.

Akwai ɓarawon data na ɓoye, wato sabuntawar da kwamfuta ke yi da kanta. Shiga Settings, Wi-Fi, danna alamar saiti a gefen sunan layinka, ka kunna Metered connection. Sannan ka rubuta wannan sau ɗaya:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Daga nan manhajojin snap za su jira sai ka hau layin da ba a ƙirga maka. Amma fa ka riƙa sabuntawa da kanka ko sau ɗaya a mako biyu, domin ta nan gyaran tsaro ke shigowa.

Dumso kuwa mun san shi ya san mu. Batirin laftop na hannu ba ya jimawa, kiran bidiyo kuma yana shan shi da sauri. A cika caji kafin babban kira, a rage hasken allo, a rufe shafukan da ba a buƙata. Kuma kowa ya ajiye hanya ta biyu. Ranar 14 ga Maris, 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana da Najeriya da Kwaddibuwa duk suka shiga wahala ta kwanaki. Wanda ya rubuta muhimman lambobinsa a littafi, yake kuma da ɗan kuɗin kira a layi, shi ya iya bin sawun motarsa a ranakun nan.

Tsare kai daga 'yan damfara

Mun ce sudo ikon mai gida ne. To kada ka taɓa kwafo umarni mai sudo daga wanda ba ka sani ba, ko da ya ce zai ba ka data kyauta ko kira kyauta. Kamar ka miƙa masa makullin sito ne. A ɗauko manhaja daga App Center ko daga shafin kamfaninta kawai.

Lambar da ake turo maka ta saƙo lokacin shiga Telegram ko WhatsApp, taka ce kai kaɗai, kamar lambar sirrin MoMo. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa ita, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan limaminku. A Telegram shiga Privacy and Security ka kunna Two-Step Verification. Lokaci-lokaci ka duba Devices, in ka ga na'urar da ba taka ba, ka kore ta. Ku sani kuma, a Telegram kira a kulle yake daga kai sai abokin maganarka, amma saƙonnin yau da kullum suna ajiye a sabar kamfanin. Maganar lambar asusu da manyan kuɗi, Signal ya fi dacewa da ita.

Idan saƙo ya zo da sunan abokin cinikinka yana cewa an sauya asusun da za ka tura kuɗi, dakata. Kira shi a lambar da ka sani tun da, ka buɗe bidiyo, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Yanzu har muryar mutum ana iya kwaikwaya da kwamfuta. Minti biyu na bidiyo ba su kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, balle na mota guda.

Laftop ɗin da ake rabawa tsakanin shago da gida, a buɗe wa kowa ɗakinsa. A Settings, System, Users ana ƙara mai amfani. Na yara kada a ba shi ikon mai gida. In za ka tashi salla ko ka leƙa waje, danna maɓallin mai tambarin Windows tare da L, allo zai kulle.

Lokaci da ladabi

Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, yana bayan na Makka da awa uku, na Dubai da awa huɗu, na Caina da awa takwas. Ƙarfe 8 na safe a Bantama, ƙarfe 4 na yamma ne a Gwangzu, don haka mai kiran Caina ya yi sammako. 'Yan uwanmu na Bronx kuwa suna bayanmu da awa huɗu ko biyar, gwargwadon lokacin shekara. In za a sa taron iyali, a faɗi agogon wace ƙasa ake nufi, a kuma kauce wa lokacin salla na kowane ɓangare.

Kyamara ido ce da ke shiga har tsakar gida. Kamar yadda ba a faɗa wa gidan mutum ba sallama, kada a buga bidiyo ba sanarwa. Tura saƙo ko ka fara da murya, ka tambaya ko a buɗe. Mai karɓa shi ma ya juya laftop ta fuskanci bango, ya sanar da matan gida cewa an buɗe. In dattijo ne a layi, a bar shi ya gama gaisuwarsa, domin murya takan yi ɗan jinkiri a hanya, in ka yi gaggawa sai ka ga ka katse shi.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, ayari kan yi watanni tsakanin Kano da Salaga, labarin haihuwa ko rasuwa sai wani madugu ya iso da shi. Bayan rikicin Salaga na 1892 da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa, Zangon Kumasi na cikin wuraren da suka cika da su daga baya. Dokar korar baƙi ta 1969 ta raba gidaje da dama, wasu suka koma Najeriya da Nijar, wasu suka zauna, har zumunci ya yanke tsakanin 'yan uwa na jini. Yau tsohuwar laftop da ɗan abin kunne sun isa a haɗa waɗannan gidaje a allo ɗaya. An ce zumunta a ƙafa take. Ƙafar ba ta daina aiki ba, amma kafin a samu kuɗin mota da sararin tafiya, a riƙa kira. Ku sa rana ɗaya a mako, ko Juma'a bayan la'asar, yara su gaida kakanninsu da Hausa, don kada harshen ya tsaya a kanmu.

Matasan gida, wannan aikin naku ne. Ku zauna da iyayenku ku saka musu, ku rubuta musu matakan a takarda da manyan haruffa, ku manna a gefen teburi: kunna, jona waya, buɗe manhaja, danna sunan. Ku bar su su gwada da hannunsu sau biyu ko uku kuna kallo.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake riƙe lissafin bashi da na kaya a LibreOffice Calc, da yadda ake rubuta ƙ, ɗ da ɓ a Ubuntu ba tare da wahala ba. Wanda ya gwada abin da muka faɗa yau ya maƙale a wani mataki, ya turo da sunan laftop ɗinsa da ainihin abin da allo ya rubuta masa, za mu amsa a nan don kowa ya amfana. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya. A gaida mutanen gida.